Yadda Jama'a Za Su Tsaya Wa Sojoji Da Iyalansu A Lokacin Yaƙi

Ranar da motoci suka kwashi sojoji zuwa bakin daga, jama'a sukan cika hanya, ana ɗaga hannu, ana addu'a, ana ɗaukar hotuna, kowa yana jin cewa ya sauke wani nauyi. Bayan mako uku sai hanyar ta koma yadda take, kowa ya kama harkar gabansa, a bar mace ɗaya da yara huɗu da wayar da ta ƙi yin ƙara, a bar tsohuwa tana ƙirga kwanaki da yatsunta. Wannan bayani na mutumin da yake son a gan shi ne a mako na huɗu da wata na shida da kuma bayan an dawo, domin a lokutan nan ne ake rarrabe wanda ya zo taimako da wanda ya zo kallo.

Na ɗora nauyin maganar a kan gida ne saboda soja da gangar jikinsa kawai yake tafiya, rabin hankalinsa yana can inda ya baro mata da yara da iyaye. Idan ya san kuɗin haya ya ƙare kuma babu mai biya, ko ya ji cewa autansa yana kwance babu mai kai shi asibiti, wannan damuwa za ta bi shi har cikin rami, ta zauna tare da shi a daidai lokacin da ya kamata idonsa ya kasance a kan hanya. Wanda ya kwantar da hankalin gidan ya yi wa bakin daga hidima, ko da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Kuma ba sai mutum ya yarda da yaƙin ba kafin ya yi hakan. Kana iya ganin cewa shugabanni sun yi kuskure da suka ja daga, ka faɗi ra'ayinka a inda ya dace, sannan da safe ka kai 'yar sojan makaranta, tun da ba a yi shawara da ita ba, shi ma mahaifin nata umarni aka ba shi.

Fara da gidan da ka sani

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya je gidan, ya gaisa, a bakin ƙofa ya ce, "Idan akwai abin da kuke buƙata, ku kira ni." Ba za su kira ba. Kunya za ta hana, ga tsoron kada a ce sun zama kaya, ga kuma gajiyar da ke sa mutum ya kasa ma tuna abin da yake buƙata. Abin da ke aiki shi ne ka zo da abu guda ƙayyadadde, mai rana da lokaci, ka ce, "Yaya, Talata da Alhamis ni zan riƙa kai yaran nan makaranta in ɗauko su," ko kuwa, "Mama, ranar ganin likitanki ta kusa, ƙarfe takwas zan zo da mota." Irin wannan tayin yana da sauƙin karɓa, domin an riga an ɗauke wa mutum wahalar roƙo. Kafin ka yanke abin da za ka yi, ka zauna ka saurara, saboda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa abin da ya dame su ƙarami ne a idonka: famfon da ya lalace, takardar da ba a san ofishin da za a kai ta ba, ko awa biyu kacal da uwa za ta samu ta yi barci ba tare da yaro ya tashe ta ba.

Ka ɗauki abin da za ka iya riƙewa har wata tara ko shekara, ko da kaɗan ne. Alkawari kaya ne, kuma yaron da aka ce za a zo a kai shi filin ƙwallo ranar Asabar, ya sa takalminsa tun da sassafe ya zauna a bakin ƙofa har rana ta take ba a zo ba, ya riga ya sha wannan ɗacin sau ɗaya ranar da mahaifinsa ya tafi, bai kamata a ƙara masa ba. Saboda haka ya fi kyau aikin ya zama na mutum biyar ko shida, ba na mutum ɗaya ba. A samu littafi guda, a rubuta gidajen, a rubuta wanda ya ɗauki wane aiki da wace rana, a naɗa mutum ɗaya mai riƙon amana wanda zai riƙa tuntuɓa a kowane mako yana cike giɓin wanda uzuri ya kama. Wannan littafin shi ne ƙashin bayan al'amarin, kuma zan sake komowa kansa.

Akwai waɗanda ake yawan mantawa da su. Rundunar soja takan yi hulɗa ne da mutumin da sojan ya rubuta a takardarsa a matsayin magaji, wanda galibi matarsa ce, sai a bar uwa da uba suna tsintar labari a bakin mutane. Sojan da bai yi aure ba kuwa, wataƙila shi ne yake riƙe da iyayensa da ƙannensa. Ga kuma mijin da matarsa ce sojar, wanda ba kasafai ake tunawa a tambaye shi yadda yake fama da yara ba. Sannan a kiyaye mutuncin macen da mijinta ba ya nan: namijin da zai taimaka ya yi a fili, ko ya bi ta hannun matarsa ko 'yar'uwarsa, domin tsegumi ɗaya idan ya kai kunnen miji a bakin daga ya isa ya rushe duk alherin da aka yi.

Yara suna da tasu hanyar nuna damuwa. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, wani ya riƙa faɗa a makaranta, wata ta yi shiru ta daina cin abinci sosai. A sanar da malaminsu halin da ake ciki, da izinin uwar, domin ya san abin da ke bayan sakamakon da ya faɗi. Kada a ce wa yaro ɗan shekara goma, "Yanzu kai ne maigida," wannan kaya ne da ya fi ƙarfin wuyansa. Kada kuma a rantse masa cewa babansa zai dawo lafiya, tun da babu mai wannan ikon. A gaya masa abin da yake gaskiya: an horar da babansa, yana tare da abokan aiki masu kula da juna, kuma yana tunawa da shi.

Wannan aiki ba sabo ba ne. A shekarar 1885, lokacin da Birtaniya ta tura sojoji Masar, wani hafsa mai suna James Gildea ya rubuta wasiƙa a jaridar Times yana neman a taimaki iyalan da aka bari a baya, kuma daga wannan wasiƙa aka kafa ƙungiyar da yau ake kira SSAFA, wadda har yanzu take aiki.

Riƙe baki da riƙe yatsa

Wani taimakon ba ya cin ko sisi, amma ya fi kowanne wuya, wato yin shiru. Kada ka rubuta a Facebook ko a zauren WhatsApp inda aka kai wane, ko sunan rundunarsa, ko ranar da za su tashi, ko ranar da ake sa ran dawowarsu, ko da da niyyar neman addu'a ne. Abokan gaba ma suna da waya, kuma ƙananan bayanai ne ake harhaɗawa su zama taswira. A shekarar 2007 a Iraƙi, wasu sojojin Amurka sun ɗauki hotunan sababbin jirage masu saukar ungulu da aka kawo sansaninsu suka sa a intanet, ba su san cewa waya tana maƙala alamar wurin da aka ɗauki hoto a jikinsa ba. Da wannan alamar aka gano daidai inda jiragen suke, aka yi wa wurin luguden wuta, aka lalata guda huɗu. A farkon 2018 kuma aka lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna siffar wasu sansanonin soja, saboda sojojin suna gudun motsa jiki a kewayen sansani da na'urorinsu a kunne. Idan waɗanda aka horar sun yi irin wannan tuntuɓe, farar hula ya fi kusa da yin sa. Baki shi ke yanka wuya, yanzu kuma yatsa ya zama ƙanensa.

Sai jita-jita, wadda ita ce na fi tsoro, domin ni kaina na taɓa faɗawa. Wata rana aka turo hoton motar soja da ta ƙone tare da jerin sunaye, na ga sunan da ya yi daidai da na wani matashi da na sani, ban tsaya bincike ba na kira yayansa na ce, "Sannu da haƙuri, Allah ya jiƙansa." Sai na ji shiru, sannan ya ce, "Wa ya rasu?" Ashe jerin sunayen tsoho ne, na wani hari dabam, kuma mai sunan wani ne can. Kafin a gano haka maganar ta riga ta kai kunnen mahaifiyarsu, ta yi kwana uku ba ta runtsa ba, har sai da yaron ya samu waya ya kira. Sun yafe mini, amma har yau idan na haɗu da ita sai na ji nauyi. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: labarin rauni ko rasuwar soja ba nawa ba ne in kai. Rundunoni suna da tsarin sanar da iyali, galibi ta hanyar aiko jami'i har gida bayan an tabbatar. Idan ka ji wani abu, ka riƙe shi, ka matso kusa da gidan ba tare da ka furta ba, ka bar masu alhakin su yi aikinsu.

Yana da amfani iyali su san cewa yankewar waya ba kullum take nufin mugun labari a kan nasu ba. Lokacin da sojojin Birtaniya suke Afganistan, alal misali, sukan katse waya da intanet na sansani gaba ɗaya idan an samu wanda ya rasu ko ya ji mummunan rauni, har sai an sanar da iyalinsa, domin kada su fara ji a bakin wani. Ban da wannan ma akwai rashin sabis da tafiyar sintiri ta kwanaki.

Wasiƙa da ƙunshin kaya

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, gidan wayan Birtaniya yana kai wa sojoji wasiƙu kusan miliyan 12 a kowane mako, kuma hukumomi ba su ɗauki wannan ɗawainiya don nishaɗi ba, sun san abin da takarda daga gida take yi wa zuciyar mutum. Yau saƙon murya ya maye gurbin mafi yawanta, amma ƙa'idar ba ta sauya ba. Ka ba shi labarin yau da kullum: haƙorin yarinya ya fita, an gyara rufin ɗaki, ƙungiyar ƙwallonsa ta sake shan kashi. Irin wannan ne yake tuna masa cewa akwai duniyar da ke jiransa. Kada a jibga masa rigimar da ba zai iya warwarewa daga can ba, kada kuma a ɓoye masa babban al'amari kamar rasuwa har ya tsinta a bakin wani. Idan labarin mai nauyi ne, a bi ta hannun shugabansa ko limamin rundunar ko fastonta, domin a samu wanda zai zauna kusa da shi idan ya ji.

Ƙunshin kaya kuwa, a tambaya kafin a aika. Abin da aka fi nema ƙanana ne, kamar safa mai kauri, sabulu, hodar ƙafa, abin karatu, kuma a guji duk abin da zai narke ko ya lalace a hanya. Kayan da ba a nema ba suna cinye gurbin mota da jirgi. Tun a 2001, bayan wasiƙun da aka aika ɗauke da garin ƙwayar cutar antiraks, ma'aikatar tsaron Amurka ta dakatar da karɓar saƙon da aka rubuta wa "kowane soja" ba tare da suna ba. Hanya mafi tabbas ita ce ta iyalin, ko ta ofishin walwalar rundunar.

Maganar kuɗi

Duk inda tausayi ya taru, 'yan damfara suna nan kusa. A watan Yulin 2018 hukumar kare masu sayayya ta Amurka tare da jihohin ƙasar suka sanar da matakai sama da 100 a kan ƙungiyoyin bogi masu tara kuɗi da sunan 'yan mazan jiya. Akwai kuma masu satar hoton soja su buɗe shafi da shi, su ce yana bakin daga yana neman kuɗin magani ko kuɗin da za a ba shi hutu, alhali babu rundunar kirki da take sayar wa sojanta hutu. Kafin ka ba wata ƙungiya kuɗinka, ka nemi lambar rajistarta, ka tambayi su wane ne shugabanninta, ka nemi rahoton abin da ta kashe bara da kuma kason da ya isa hannun iyalai. Wanda ya fusata saboda an yi masa waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Idan ku ne kuka kafa asusun, kada ya zauna a aljihun mutum ɗaya, komai amanarsa. A sa hannun mutum biyu kafin a cire ko nawa ne, a ajiye rasit, a karanta lissafi a gaban masu ba da gudummawa a kowane wata. Sau da yawa ya fi kyau a biya kuɗin makaranta ko na haya kai tsaye, da sanin iyalin da yardarsu. Abu ɗaya da nake roƙo a daina shi ne jera matan sojoji a ɗauke su hoto suna karɓar tallafi. Matar da mijinta yake can yana kasada da ransa ba almajirar kowa ba ce, kuma na san waɗanda suka gwammace su kwana da yunwa da a nuna fuskarsu a haka.

Mai gidan haya da mai ba da bashi da mai ɗaukar ma'aikata suna da abin yi wanda ya fi na kowa tasiri. A Amurka doka ce ta tilasta: dokar 1994 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su mayar da mutumin da aka kira aikin soja bakin aikinsa idan ya dawo, ta 2003 kuma ta taƙaita kuɗin ruwa a kan bashin da ya ci kafin ya shiga aiki zuwa kashi 6 cikin 100, ta kuma sa shinge a kan korar iyalinsa daga gidan haya. Inda babu irin wannan doka, babu abin da ya hana mai gida ya ɗaga ƙafa idan albashi ya makara, ko shugaban ma'aikata ya sassauta wa matar soja lokacin shiga aiki. Mai ƙoshin lafiya kuma yana iya ba da jini, sai dai ya sani cewa jajayen ƙwayoyin jini ba sa wuce kwana 42 a ajiye, don haka mai zuwa a kai a kai ya fi amfani a kan dubun da suka yi cincirindo rana ɗaya.

Iyaka biyu ya kamata a sani. Ta farko, ciyar da iyalin soja da kula da su ba ya cire mutum daga sahun farar hula, amma a ƙarƙashin ƙarin da aka yi a 1977 wa yarjejeniyar Geneva mai tsara dokokin yaƙi, farar hular da ya shiga faɗa kai tsaye yana rasa kariyarsa muddin yana cikin yin hakan, saboda haka kwamitin unguwa ya tsaya a kan walwala, ya bar harkar makami da leƙen asiri ga masu ita. Ta biyu, gudummawar jama'a ba ta sauke wa gwamnati nauyinta. Albashi a kan lokaci, kayan aiki, magani, fansho da haƙƙin magada bashi ne a wuyan hukumar da ta tura mutum yaƙi. Birtaniya ta kai ga shigar da alkawarin kula da sojoji da iyalansu cikin dokar sojojinta ta 2011. Rubuta wa wakilinka a majalisa a kan haƙƙin da aka riƙe wa wata gwauruwa, da bibiyar maganar har a biya, yana cikin manyan taimako, ko da yake ba a tafa wa mai yin sa.

Idan mugun labari ya zo

Wanda ya ji rauni yakan daɗe a asibitin da ke nesa da gida, kuma abin da ke karya iyali shi ne kuɗin mota da wurin kwana da wanda zai riƙe yara. Wannan ne ya sa Zachary Fisher da matarsa Elizabeth suka fara gina gidaje kusa da asibitocin soja a Amurka tun daga 1990, inda iyalai suke sauka kyauta. Mai ɗaki guda da ba kowa a ciki kusa da asibiti yana iya yin irin wannan a daidai ƙarfinsa. Idan ka je dubiya, ka nemi izini tukuna, kada ka daɗe, ka kalli fuskarsa ka yi masa magana kamar yadda kuka saba, ba ka tsaya kana kallon inda ƙafar take a da ba.

Wanda ya ɓace, nasa ya fi kowanne wuya, domin babu gawa, babu kuma murya. Wata masaniya, Pauline Boss, wadda ta yi nazarin iyalan matuƙan jiragen Amurka da suka ɓace a yaƙin Biyetnam a shekarun 1970, ta nuna yadda irin wannan rashi marar tabbas yake daskarar da makoki, a kasa kuka a kasa dainawa. Kada ka ce musu su fid da rai, kada kuma ka cika su da tabbacin da ba ka da shi. Abin da za ka iya yi shi ne ka raka su ofishin Red Cross ko Red Crescent na ƙasar su shigar da buƙatar nema, ɗauke da cikakken sunansa, ranar haihuwa, lambar aiki, hoto, da rana da wurin da aka yi magana da shi na ƙarshe. Yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949 ta ba fursunan yaƙi haƙƙin aika katin sanar da iyalinsa cikin mako guda da isarsa sansani, da haƙƙin aika aƙalla wasiƙa biyu da kati huɗu a wata. Wannan ya shafi yaƙi tsakanin ƙasashe ne. Idan ƙungiyar 'yan bindiga ce ta kama shi, al'amarin ya fi tsauri, amma duk da haka a shigar da sunan. A kuma yi hattara da masu kiran waya suna cewa sun san inda yake idan za a turo kuɗi.

Idan rasuwa ce, gida zai cika kwana bakwai, sannan ya watse, daga nan yaƙin takardu ya fara. A nan ne mai ilimin boko da haƙurin zaman layi yake da rana. A tara komai a jaka ɗaya: takardar aure, takardun haihuwar yara, takardar shaidar rasuwa, lambar aiki, bayanin asusun banki, da kwafin takardar da ya rubuta magajinsa. A duba rubutun sunaye harafi bayan harafi, domin na ga matar da aka yi wata da watanni ana mayar da ita gida saboda harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar aurenta da katin shaidarta. Kada a miƙa takarda ta asali ba tare da an riƙe kwafi ba, a rubuta sunan ofishi da ranar da aka kai, kuma kada a bar matar mamacin ta je ita kaɗai. Mazauna bariki galibi akwai wa'adin da za su tashi daga gidan, gara a fara neman inda za su koma tun da wuri. Idan dangi suka fara ja-in-ja a kan kuɗin mamaci, a nemo dattijon da kowa yake jin nauyinsa ko lauya kafin magana ta yi tsami. Sannan a haɗa ta da wata da ta riga ta bi wannan hanya. A kan wannan tunani ne Bonnie Carroll, wadda mijinta ya rasu a haɗarin jirgin soja a Alaska a 1992, ta kafa ƙungiyar TAPS a 1994, inda waɗanda suka yi rashi suke riƙe hannun sababbin shiga.

Bayan an dawo

Dawowa ba ita ce ƙarshen aiki ba, wani lokaci ma a nan yake farawa. Matar ta koyi tafiyar da gida ita kaɗai, yaran sun girma, ƙaramin ma ƙyuya yake yi wa mahaifinsa, shi kuma ya dawo da abubuwan da ba shi da kalmomin faɗarsu. A ba su sarari, kada a cika gidan da baƙi tun daga ranar farko. Kada ka tambaye shi mutum nawa ya kashe, tambaya ce da ba ta da amsa mai daɗi. Ka ce, "Sannu da dawowa, mun yi kewarka," ka zauna, idan ya so magana ka saurara ba tare da ka katse shi ko ka nuna razana ba, idan bai so ba ku yi hirar ƙwallo.

Tun a 1915 wani likitan sojan Birtaniya, Charles Myers, ya yi rubutu a mujallar Lancet a kan sojojin da suka dawo suna karkarwa ba tare da rauni a jiki ba, amma sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da ciwon cikin kundinsu da sunan da ake taƙaitawa PTSD. Alamominsa sun haɗa da mugun mafarki, zabura idan an buga ƙofa, zama kullum da baya a jikin bango ana fuskantar ƙofa, guje wa taro, saurin fushi, da neman mafaka a giya ko ƙwaya. Mafi yawan sojoji ba sa kamuwa da shi, don haka kada a riƙa kallon kowane mai kaki kamar marar lafiya. Amma idan alamomin suka wuce wata guda suna hana shi barci ko aiki ko zaman lafiya da iyali, a nemi likita, domin ciwo ne mai magani, ba ragwantaka ba ce. Sau da yawa tsohon soja irinsa ne kaɗai zai iya shawo kansa ya je. Idan ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rarraba kayansa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi da makami, a kai shi asibiti a ranar. Idan kuma hannunsa ya fara kai wa matar ko yaran, abin da ya gani a daga ba hujja ba ce, a fara da tsare lafiyarsu sannan a nema masa magani.

Mai sana'a ya ɗauke shi aiki ko ya koya masa, domin mutumin da ya saba tashi da asuba da aiki a gabansa, zaman banza yana cinye shi. Ƙasashe suna da ranakun tunawa da mazan jiya, kamar 11 ga Nuwamba a Birtaniya da 15 ga Janairu a Najeriya, kuma halartarsu yana da kyau, sai dai kowane gida yana da nasa ranakun da babu mai busa musu bigila. A shafin ƙarshe na littafin nan na kwamiti a rubuta su: ranar da labarin ya zo, ranar haihuwar mamacin, ranar da yaransa za su koma makaranta a kowane zango, da ranar da za a sake komawa ofishin fansho. A gaban kowace rana a rubuta sunan wanda zai je, da sunan wanda zai maye gurbinsa idan uzuri ya kama shi.